Tambayoyin Baffa a Bakin Ruwan Deira

Sun rushe gidan Baffa. Ɗana ne ya gaya mini muna cin abinci, a sauƙaƙe kamar mai ba da labarin cunkoson hanya, ya ce ya bi ta unguwar Naif a Deira ya ga an kewaye wurin da kwano, mota tana kwasar ɓaraguzai. Daga nan abincin bai ƙara shiga ba. Washegari na hau bas daga International City, inda nake zaune da shi da iyalinsa tun da gwiwoyina suka raba ni da kasuwa, na je na gani da idona. Na tarar da fili fetal tsakanin wani kantin jakunkuna da wani na takalma. Wani saurayi Bahaushe yana jingine da kwanon yana nuna wa wata mata kaya ta waya, yana cewa, “Hajiya, wannan kalar ta ƙare, kalas, sai dai ki ɗauki baƙar.” Na yi masa sallama ya amsa da ka, idonsa bai bar wayar ba. Ban ga laifinsa ba. Bai san abin da ya taɓa kasancewa a bayansa ba, kuma ba wanda zai gaya masa.

A zamanin da na fara zuwa garin nan, Bahaushe ba ya sauka a otel. Mai masauki gare shi, kamar yadda fataken goro suke da shi tun kaka da kakanni, kuma namu shi ne Baffa. Gidan mai hawa ne, matattakalarsa ƙunci gare ta, sai mutum ya karkace idan yana ɗauke da dila. A ɗakunan tabarmi ne da katifu jingine da bango, ko'ina ƙamshin sabon yadi da na turaren wuta da na shinkafar da ake dafawa a babbar tukunya. Har yau idan na ji ana jan salatif a jikin kwali sai gidan ya faɗo mini a rai, domin da wannan ƙarar muke tashi, da ita muke wuni. Masu turin baro suna kiran a ba su hanya cikin harsunan da ba mu ji, kiran salla yana tasowa daga masallatai da yawa, wannan na shiga cikin wancan, daga can bakin ruwa kuma injin ƙananan jiragen fito yana ta bugawa. Wanda ya fi kowa ƙuruciya shi ke sayo gurasa da zafinta a wurin mai tanderu, shi ke wanke faranti, shi ke rubuta sunayen mutane a jikin diloli, shi ke shanya a saman soro. Shekarar da nake magana a kai, ni ne wannan. Yanzu yaro yana zuwa da safe ya sayi kayansa, ya miƙa wa masu kago su tura masa gida, ya koma filin jirgi bai ci abinci da kowa a faranti ɗaya ba. An sami sauƙi, ban musa ba, amma ban san inda yaro zai ji maganar manya ba.

Baffa dogon tsoho ne siriri, mai magana a hankali. Ya yi karatun zaure a Kano har ya taɓa manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, ya zauna a Sudan, ya zauna a Makka, kafin ruwa ya ajiye shi a Deira. Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, sai a shimfiɗa tabarma a saman soro a kawo shayi, shi kuma ya jefo tambaya kamar mai jefa wa kaji tsaba. Ya kan ce, “Haƙuri da tsoro duka shiru suke yi. Ta ina ake gane wannan daga wancan?” Wata rana kuma, “Idan ka sayar wa mutum kaya ya tafi yana murna, kai kuwa ka san maƙwabcinka yana da wanda ya fi shi, ka cuce shi ko ba ka cuce shi ba?” Sai gardama ta kaure. Duk amsar da ka bayar zai karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya nuna maka inda ta yage, ya mayar maka da abarka ka ɗinke. Ba ya taɓa rufe zance da tasa amsar, abin da ke ba wasu haushi ke nan. Akwai wani Alhaji mai sayen agoguna, mai ƙiba da barkwanci, da ya kan ce, “Baffa, wannan falsafar taka fa ba ta cika kwantena.” Baffa ya kan yi murmushi ya ce, “Gaskiyarka, habibi. Igiyar guga ma ba a shan ta.” Ni a lokacin ina bayan Alhajin agogo. Ina ganin abin hira ce ta tsofaffin da suka ƙoshi, ina sauraro ne kawai domin ba ni da izinin tashi kafin a kwashe kofuna.

Da mahaifina na zo. Ɗan kasuwar yadi ne, kuma wannan ce tafiyar da ya ce zai nuna mini hanya. Ya daɗe yana fama da ƙirjinsa, kowa ya ce ya haƙura da tafiyar, ya ce idan bai kai ni da kansa ya damƙa ni a hannun Baffa ba, ba wanda zai san ni. Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon fuskata idan tana magana, saƙonta ma ta bakin ƙannena yake zuwa mini. Amma ranar da za mu tashi ta sa aka kira ni ɗakinta, ta dube ni ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, “Ka ga halin da yake ciki. Ko da rai ko ba rai, ka dawo mini da shi. Ka yi mini alkawari.” Na san dalilinta, duk gidan an sani. Tana yarinya mahaifinta ya tafi hajji a ƙasa bai dawo ba, ba a ga gawa ba, ba a san kabari ba, uwarta ta tsufa tana ɗaga kai duk lokacin da aka yi sallama a zaure. Inna ba ta so ta gaji wannan. Tana so idan ta Allah ta kasance a shigar da ita kan mijinta kafin a fita da shi, ta yi masa addu'a, ta ce ta yafe masa, kamar yadda ake yi wa kowace mace. Na ce na yi alkawari. Yaro ne ni, ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

A cikin lungun masu yadi ya faɗi, muna tsaka da ciniki. Aka kai shi asibiti, bai kwana da yawa ba, wata safiya da hantsi ya cika ina riƙe da ƙafarsa. Kafin azahar gidan Baffa ya cika da mutane, kuma da na faɗi alkawarin da ke wuyana sai gidan ya rabu biyu. Wasu suka ce alkawari kaya ne, balle na uwa, za su haɗa hannu a kai shi gida. Wasu suka ce haƙƙin mamaci a gaggauta suturta shi, ƙasar Allah ɗaya ce. Wanda ya san kan abin ya yi bayani: sai an bi ofisoshi kwana da kwanaki, sai an yi wa gawar aikin hana ta lalacewa, a rufe ta a akwati, a sa ta a cikin jirgi tare da kaya, kuma ba tabbas a can za a bari a buɗe. Muka je wurin buga waya muka sami ƙanin mahaifina, wanda muke ce wa kawu, a kasuwar birni, domin garinmu ba waya. Bai bari na gama ba ya ce, “A binne shi. Wannan maganar mata ce, ni zan ji da ita.” Aka dawo aka ci gaba da musu, kowa yana jawo abin da ya ji a wurin malaminsa, murya tana hawa kan murya. Ni ina rakuɓe a gindin matattakala, kaina kamar zai tsage, ina jin duk inda na juya na ci amanar wani.

Baffa bai sa baki ba ko kaɗan. Bayan la'asar ya taɓa kafaɗata ya ce, “Ɗana, yalla, raka ni tsallake.” Muka gangara bakin ruwa muka shiga jirgin fito, muka zauna a kan bencin katako tare da 'yan ƙwadago masu komawa gida. Sai da jirgin ya bar gaɓa ya yi magana.

“Abu nawa ne a cikin wannan abin?”

Na ce, “Ɗaya ne, Baffa. A kai shi ko a binne shi.”

“Wannan shi ne ƙullin. Ina tambayar zaren da ke ciki. Mutum nawa ne abin ya shafa?”

Na ce mahaifina da Inna. Ya ce in sake ƙirgawa. Na sake ƙirgawa na ce, da ni.

“Madalla. To mu fara da kai, don shi ne mai sauƙin cirewa. Me kake tsoro a kanka?”

Na ji kunya, amma na faɗa. Ina tsoron a ce na tafi da ubana na yar da shi a ƙasar wasu. Ina kuma tsoron a ce na bar gawar ubana tana jiran takarda kamar dila.

“Ka ga ko ta ina za a ce. Abin da za a faɗa ko ka yi gabas ko ka yi yamma ba ya zaɓar maka hanya. Ajiye shi. Saura biyu.”

Na ji kamar an ɗauke mini wani abu daga ka, kuma sai na yi saurin neman a ɗauke sauran. Na ce ai kawu ya riga ya yanke, shi ne babba. Baffa ya girgiza kai.

“Kawunka ka yi wa alkawari?”

“A'a.”

“To ba shi zai kwance ba. Kada ka shiga rigarsa, ba za ta rufe ka ba.”

Muka isa ɗaya gaɓar, mutane suka sauka, mu ba mu sauka ba. Mai jirgin ya dube mu, Baffa ya yi masa alama da hannu ya ce, “Shwayya, dakata kaɗan, za mu koma.” A hanyar komawa ya tambaye ni abin da mahaifina zai rasa idan aka jinkirta, na faɗa. Ya tambaye ni abin da Inna za ta rasa idan aka binne, na faɗa. Sai na kawo wata hujja da nake ganin za ta cece ni. Na ce wataƙila ko an kai shi ba za a buɗe akwatin ba, ka ga ke nan ba ta rasa komai ba.

“Ka sani, ko kana fata?”

“Ban sani ba.”

“Abin da ba ka sani ba kada ka yi gini a kansa. Ka ɗauka za a buɗe, ka ɗauka za ta gan shi. Yanzu auna.”

Na ce, “Baffa, to ai babu hanyar da ba asara.”

“Yau ka fara karatu,” in ji shi. “Mutanen da muka baro a gida suna ihu ne domin kowannensu yana so a ce akwai hanyar da ba wanda zai yi kuka. Babu ita. Akwai wadda za ka iya tsayawa a kanta ka ce ni na zaɓa, na san abin da na ɗauka, na san abin da na bari, na san wanda na sa kuka.”

Na roƙe shi ya gaya mini abin da zai yi da shi ne. Ya ce shi ba ubansa ba ne, ba kuma uwarsa ba. Na ji haushinsa ƙwarai a wannan lokacin, har na kau da kai ina kallon ruwa. Amma kaina ya daina tsagewa. Abin da ya rage a gabana biyu ne kawai, kuma ina ganinsu sarai. Na tuna yadda mahaifina yake barin rumfa a buɗe ya bi gawar wanda bai sani ba, yadda yake faɗa idan aka tsaya jiran wani babba alhali an gama haɗa mamaci. Na ga cewa shi ba ya da bakin da zai roƙi kowa yanzu, ba shi da wani sai ni. Inna kuwa tana da rai, tana da baki, tana iya fushi da ni, tana iya tsine mini, tana iya yafewa. Kafin mu taɓa gaɓa na ce a binne shi.

Baffa bai ce na yi daidai ba. Abin da ya ce shi ne, “To saura guda. Idan ka isa gida za a ba ka ƙarya mai taushi, ta tausayi, a ce ka riƙe. Ka yi tunani tun yanzu ko za ka karɓa.”

Da aka sallami gawar, ni da Baffa muka yi masa wanka. Muka kai shi wata maƙabarta a bayan gari, farar ƙasa ba inuwa, 'yan masaukinmu duka suka zo har da Alhajin agogo, wanda ya fi kowa kuka. Ni na shiga na karɓe shi na kwantar.

Yadda Baffa ya faɗa haka aka yi. Da na isa gida, tun a zaure kawu ya tare ni ya ce, “Na gaya mata hukumar can ce ta hana a fito da gawa. Ta haƙura. Ka bar shi a haka.” Na shiga na sami Inna a ɗaki cikin takaba, ta juya fuska ga bango. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa. Da na bar shi a haka da an wuce wurin. Na ce, “Inna, ba hukuma ba ce. Akwai hanyar kawo shi, mutane ma sun ce za su taimaka. Ni na ce a binne shi a can.” Na gaya mata dalilina a taƙaice, ban yi ado ba, na gaya mata da hannuna na wanke shi. Ba ta juyo daga bangon ba. Daga baya ta ce, “Tashi ka je.” Iyakar abin da ta ce ke nan.

Daga ranar ba ta sake ta da maganar ba, ni ma ban sake ba. Na ci gaba da fatauci, daga baya na zauna a unguwar Karama na kama harkar kago, na yi iyali, ina zuwa gida duk shekara. Ina gaishe ta ta amsa, ina kai mata tsaraba ta sa albarka ta bakin ƙanwata, tana wasa da 'ya'yana. Amma tsakanin uwa da ɗan fari dama shiru ne, saboda haka ban taɓa iya gane ko shirun da take yi mini na kunya ne irin na da, ko na wanda aka karya wa alkawari. Wannan shi ne abin da na ɗauka tsawon rayuwata ta girma. Sau da yawa na so in tambaya, bakina ya ƙi. Na taɓa kai ƙarar Baffa wurin Baffa, na ce da na karɓi ƙaryar kawu da yanzu ina barci lafiya. Ya ce mai yiwuwa ne. Ya ce shi bai taɓa cewa tunani yana sa barci ba. Ya rasu ba da daɗewa ba, muka kai shi kusa da inda mahaifina yake.

Idan na ji yaran yanzu suna cewa falsafa aikin marasa aikin yi ne, ba na musu da su, domin ni ma na faɗa. Jikana yana tambayar wayarsa komai, ta ba shi amsa kafin ya rufe baki, kuma sau da yawa amsar daidai ce. Abin da nake jiye musu shi ne ranar da amsa ba za ta yi amfani ba, ranar da duk amsoshin daidai ne kuma duka suna ciwo. Ran nan mutum yana bukatar wanda ya koya masa ya zauna ya warware abu zare zare, ya raba abin da ya sani da abin da yake fata, ya gane inda tsoron bakin mutane ya shigo ya yi kama da addini ko biyayya. Na yi amfani da wannan a rabon gado, na yi a rikicin abokan ciniki, na yi ranar da ɗana ya zo da maganar auren da ban so ba. Ba kullum na dace ba, amma ban ƙara yanke hukunci ina ɓuya a bayan wani ba.

Inna ta yi tsawon rai. Ranar da ta rasu ina sito a Deira da rana tsaka, ana loda kaya, sai ƙanwata ta kira. Bayan mun yi salati na ce mata akwai jirgi da yamma, yanzu ba kamar da ba ne, ana ajiye mutum a asibiti kwana guda, su jira ni in ga fuskarta. Ina faɗa ina jin abin da nake faɗa.

Ta ce, “Yaya, ta bar saƙo. Ta ce kada a jira ka.”

Na zauna a kan wani kwali. Na ce a raina, to ga amsar ta zo, ta rama, kuma tana da gaskiya.

“Ba ta gama ba,” in ji ƙanwata. “Ta ce a gaya wa babban, ta daɗe ba ta yafe ba, shekaru. Amma ta ce da ka bar ta a kan hukuma ce ta hana, da ta mutu da abin a ƙirjinta kamar yadda uwarta ta mutu, don ba ta san wanda za ta yafe wa ba. Ta ce kai ka ba ta wanda za ta yafe wa, kuma ta yafe. Ta ce a yi mata yadda ka yi masa.”

Masu lodi suka tsaya suna kallona, ɗaya ya kashe injin motar da ake lodawa. Na share fuskata da hular da ke hannuna. Ƙanwata tana ta kiran, “Yaya, kana ji? Maza suna zaure, kai suke jira ka yi magana.”

Na ce, “Ina ji. Ku gaya musu su ɗauke ta.”